Dabarar Aku: Ra'ayinmu Kan Abin Da Muke Karantawa, Da Saurare, Da Kallo



Malam Shugaban reshe da sakatarensa, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka tako daga gida, 'yan'uwa malamai maza da mata daga Rogo da Zarewa da Beli da Gwangwan da Ruwan Bago da sauran mazaɓu, da baƙinmu na Ƙaraye, muna yi muku barka da zuwa Fulatan, da fatan kun iso lafiya.

An ɗora mana nauyin mu faɗi albarkacin bakinmu a kan littattafai da waƙoƙi da fina-finai. Ran da saƙon ya iso mana, wani abokin aiki ya yi dariya, ya ce ga yara sun cika aji har bakin ƙofa, ga allo ya koɗe, shi ne za a tara mutane a yi zancen fim? Maganarsa abar dubawa ce. Sai dai mu tuna, yaro yana hannunmu daga safe zuwa azahar ne kawai. Daga nan har ya kwanta yana hannun wayar yayansa, da rediyon mai shayi, da shagon cajin waya inda ake tura fim a kan 'yan nairori. Waɗannan su ne malaman da ke karɓar aji bayan mun tashi, ba su zuwa hutu, ba su yajin aiki. Malamin da bai san abin da suke koyarwa ba, rabin ɗalibinsa kawai ya sani.

Abin da za mu faɗa ra'ayi ne, ba hukunci ba. Wanda ya ga mun karkace, ƙofar gyara a buɗe take.

Laifin da muka yi

Za mu fara da tona asirin kanmu. A shekarar 2007, gwamnatin jiharmu ta wancan lokaci, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan soyayya da aka tattaro daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata. Muna cikin waɗanda suka ce madalla. Ba da jimawa ba, a wata makaranta da muka koyar, muka kama wata yarinya 'yar aji shida da littafi a ƙarƙashin hijabinta ana tsakiyar darasin lissafi. Muka ƙwace, muka kunyata ta a gaban 'yan ajinsu, muka ce ba za ta ƙara ganinsa ba. Littafin na yayarta ne, sunansa Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

Da dare muka buɗe shi don mu samo hujjar da za mu nuna wa mahaifinta. Ba mu ajiye shi ba sai da aka yi kiran assalatu. Labarin Rabi ne, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su, ta kuma riƙe musu karatu. Babu unguwar da ba a san irin Rabi ba. Muka nemi batsar da muke zato, muka rasa.

Yarinyar nan ita ce ta fi kowa iya karatu a ajin, kuma ba a wurinmu ta koyi wannan saurin ba, a irin waɗannan littattafai ta koya. Mun mayar mata da littafinta, amma daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ta ce za ta yi karatu a aji ba har ta fita. Laifinta guda ne, karatu a lokacin lissafi, kuma gyaransa bai fi kalma biyu ba. Mu kuwa muka yanke wa littafin hukunci ba mu buɗe shi ba. A shekarar 2012 aka fassara shi zuwa Turanci, aka buga a ƙasar Indiya, yau ana nazarinsa a jami'o'in duniya. Duk lokacin da muka tuna, sai kunya ta rufe mu.

Littattafai

Idan aka ce mu zaɓi littafi ɗaya mu bar sauran, Magana Jari Ce za mu ɗauka, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta, ya fito kashi uku a ƙarshen shekarun 1930. Ku tuna yadda kashi na farko yake. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa ya ɗaura niyyar bin sa, ga Waziri ya ƙulla makircin a halaka yaron da zarar ya fita. Me ya tsare Musa a gida? Aku ne, da labari. Kullum ya yi shirin fita, sai aku ya jawo masa wani labarin, har gari ya waye. A ganinmu babu littafin koyon aikin malanta da muka karanta a kwalejin ilimi da ya fi wannan bayyana sirrin sana'armu. Yaron da kake so ka raba da wani abu, sai ka ba shi wanda ya fi shi daɗi.

Akwai darasi na biyu a cikinsa. Yawancin labaran nan Imam aro su ya yi, daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Turai, da na Indiya. Amma ya yi musu wanka, ya sa musu riga da rawani, har ba mai jin ƙamshin baƙunta a jikinsu. Ashe aro ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka aro riga ka sa ba ka rage ta daidai jikinka ba. Wannan ma'auni za mu koma gare shi in mun zo kan fina-finai.

Ya kamata kuma mu riƙa tuna su wane ne suka kafa wannan gida. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Bello Kagara malami ne a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauci kafin ya zama Firayim Minista. Shi kuwa mai Idon Matambayi, Malam Muhammadu Gwarzo, sunansa ma ya nuna maƙwabcinmu ne. Masu alli irinmu ne suka ɗora harsashin ƙagaggen labarin Hausa. Tambayar da za mu yi wa kanmu, ba tare da kowa ya ɗaga hannu ba, ita ce: yaushe rabon da mu karanta littafi daga bango zuwa bango, wanda ba na jarrabawar ƙarin girma ba?

A cikin biyar ɗin nan, Ruwan Bagaja ya fi ban dariya, musamman ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma shi ya fi dacewa a karanta wa 'yan aji huɗu da biyar. Shaihu Umar ya fi taɓa zuciya. Uwar da ta keta Sahara tana neman ɗanta ba ta fita daga ran wanda ya karanta. Jiki Magayi ya fi nauyi, domin yana nuna yadda ɗaukar fansa ke cinye mai ɗaukarta, sai dai a bar shi ga 'yan sakandare. Ganɗoki kuwa, da neman gafarar masoyansa, muna son farkonsa inda ake gwabzawa da Turawa, amma daga inda ya shiga duniyar aljannu cika bakin ya kan gundure mu.

Akwai kuma Kitsen Rogo na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. Mun san abokan wasa sun daɗe suna tsokanar mutanen ƙaramar hukumarmu da wannan karin magana. To amma littafin kamar don mu aka rubuta shi: saurayi ya raina ƙauye, ya hango birni yana walƙiya, ya je ya tarar ba kitse ba ne. Duk wanda ya ga yadda samarinmu ke ajiye fartanya su nufi Kano ko Abuja ko Legas, zai so a ce kowane ɗan aji shida ya ji wannan labari kafin ya fita.

Game da littattafan da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ra'ayinmu a yau shi ne akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Wasu an rubuta su da gaggawa, ba a kula da ƙa'idar rubutu ba, wasu kuma mafarkin dukiya ne kawai. Amma su ne suka sa dubban matan aure suka koyi karatun boko a cikin ɗakunansu, abin da azuzuwan yaƙi da jahilci suka daɗe suna nema. Damuwarmu ta yanzu tana kan labaran da ke yawo a WhatsApp, waɗanda ba edita, ba sunan gaskiya, wasu kuma batsa ce tsirara. A nan ne ya wajaba iyaye su sa ido. Duk da haka, gasar Hikayata ta mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa alƙalamin 'ya'yanmu mata bai bushe ba.

Waƙoƙi

Mu da muka tashi da rediyo a kan katanga, kunnenmu ya saba da manya. A wajen zurfin Hausa, ba mu ga na biyun Ibrahim Narambaɗa ba, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Waƙarsa guda takan ishi malamin Hausa darasin mako. Musa Ɗanƙwairo ya fi iya jera amshi, har ka rasa inda muryarsa ta tsaya ta yaransa ta ɗauka. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, ya kuma rasu a 1999, kogi ne: ba abin da bai yi wa waƙa ba, daga sarki har direba, daga noma har tafiye-tafiyensa. Amma wanda ya fi kusa da zuciyarmu shi ne Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa. Shi ya dubi karen mota, wanda ba mai kallonsa, ya yi masa waƙa. Shi ya yi Jawabin Aure, wadda har yau ta fi wa'azin biki da yawa shiga kunne. Mawaƙin da ya waiwayi wanda ba shi da abin ba shi, wannan ya cancanci a ambace shi a aji.

Sai dai kada son zamaninmu ya rufe mana ido. Ba duk abin da manyan nan suka rera za a iya sawa a gaban yara ba. Akwai zambo mai zafi, akwai yabon wanda bai cancanta ba don ya ba da doki ko mota, kuma 'yan gambara ba yau suka fara sakin baki a kasuwa ba. In muka ce wa yaro duk na da zinariya ne, duk na yanzu shara ne, ranar da ya gano ba haka ba ne, ya daina yarda da mu ke nan.

A cikin na zamani, Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, ya nuna cewa fiyano ba ya hana waƙa ma'ana. Ku saurari Bara a Kufai ku ji yadda ya riƙe amsa-amo da zaɓen kalma irin na su Aƙilu Aliyu. Waƙoƙin soyayya irin na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, wanda Jarumar Mata tasa ta cika gidaje a lokacin kullen korona a 2020, muna jin daɗin wasunsu, ba za mu ɓoye ba. Abin da muke kuka da shi shi ne maimaici: kalmomi goma ne ake juyawa, zuciya da hawaye da mutuwa, kuma na'ura na gyara murya har kowa ya zama iri ɗaya. Waɗanda muke ƙi ƙwarai su ne waƙoƙin siyasa na cin mutunci. Mun taɓa raba faɗa a filin makaranta tsakanin yara biyu da ba su kai shekara goma ba, ɗaya yana rera wa ɗaya zagin da aka yi wa gwanin babansa. Sa'adu Zungur ma ya yi waƙar siyasa, kuma malami ne, amma hujja ya jera, shi ya sa har yau ake karanta shi.

Ga wani abin lura. Yaron da muke cewa ba shi da ƙwaƙwalwa, wanda ya kasa riƙe jadawalin bakwai, shi ne zai rera maka waƙar minti shida ba tuntuɓe. Ashe ƙwaƙwalwar tana nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane haka tun ƙarni na 19, shi ya sa ta zuba karatu cikin waƙa, jajis suka ɗauka suka kai wa mata ƙauye-ƙauye. Mu ne muka saki wannan hanya, masu sayar da waƙa suka tsince ta.

Fina-finai

Tsararmu ta ga farkon abin. Mun ga su Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu a talabijin ɗin gidan mai hali. Mun ji labarin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, aka ce shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko. Muna samari Sangaya ya fito a 1999, muka yi cincirindo a gidan kallo, janareta na ƙara, ana leƙe ta kafaɗar juna. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Tun daga lokacin ake jan igiya tsakanin masu fim da masu tacewa, yara kuwa ba su fasa kallo ba.

A ma'aunin nan na Imam, fim ɗin da ya fi burge mu shi ne wanda muka ga kanmu a ciki. Shi ya sa muke yaba Daɗin Kowa na tashar Arewa24: gidan Kamaye da Adama gidan maƙwabcinka ne, matsalolin garin kuwa, daga shaye-shaye har barace-baracen yara, namu ne. Kwana Casa'in ya koya wa mutane yadda ake sayen ƙuri'a da yadda ake danne ɗan jarida fiye da yadda littafin ilimin zaman ƙasa ya koyar. Labarina ya nuna an iya ɗaukar hoto da tsara zance, ko da yake, kamar sauran masu dogon zango, akan ja labari har ya tsinke. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, da farko shirme muka ɗauke shi. Sai daga baya muka fahimci cewa a cikin wautar nan yake faɗa wa masu iko abin da mai hankali ba zai iya faɗa ba.

Kokenmu ga 'yan fim guda biyu ne. Na farko, rawa da waƙar da aka kwaso daga Indiya ba a rage ta daidai jikinmu ba. Na biyu ya fi ci mana rai: a yawancin fina-finan nan baƙauye wawa ne, manomi abin dariya ne, malamin makaranta kuwa mai yagaggen takalmi ne da ake bin sa bashi. Mutumin kirki sai a gidan bene. Yaron Fulatan da ya kalli wannan sau ɗari, me zai ɗauki mahaifinsa da ke dawowa daga gonar masara? Me zai ɗauke mu?

Fina-finan waje ma ba ɗaya suke ba. Iyayenmu sun zubar da hawaye a kan Mother India na 1957 ba tare da sun ji kalma ɗaya ta Indiyanci ba, domin sun san manomiyar da mai ba da bashi ya cinye wa gona. Fim ɗin Umar Mukhtar, malamin allo da ya yaƙi Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931, muna ganin ya kamata kowane malami ya kalla. Amma fassarar Indiya-Hausa da ta mamaye wayoyi a yau, muna jinjina wa masu ita a kan ƙwarewar harshe, domin sun iya sarrafa Hausa har yara na kwasar salonsu. Abin da ke ciki ne matsalar: jarumi ɗaya ya karkashe mutum hamsin, ba alƙali, ba sulhu, fansa ce kawai maganin kowane zalunci. A jihar da ke fama da faɗan daba, wannan ba ƙaramin darasi ba ne ake ba yara kullum dare.

Shawarwari

Malam Shugaba, ba za mu sauka ba sai mun ajiye abin da za a iya yi ba tare da jiran kowa ba.

Na ɗaya, kowace makaranta ta samu akwatin karatu. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo littafin Hausa ɗaya a zango, sabo ko tsoho, a rubuta sunan makaranta a bangonsa, a riƙa musanya akwatunan tsakanin makarantun mazaɓa.

Na biyu, a ware minti goma sha biyar kafin tashi, ko sau biyu a mako, malami ya karanta wa yara labari da murya mai daɗi, ya tsaya a daidai inda ya fi zaƙi, ya ce sai gobe. Dabarar aku ke nan.

Na uku, kada mu ƙwace abin da ba mu duba ba, kada kuma mu yaba abin da ba mu duba ba. In yaro ya zo da zancen fim ko waƙa, mu tambaye shi: me ya burge ka? Wa aka zalunta a ciki? Da kai ne, me za ka yi? Yaron da ya saba amsa irin waɗannan tambayoyi ya samu hukumar tacewa a cikin kansa, wadda za ta bi shi har inda idonmu ba ya kaiwa.

Na huɗu, ga iyayenmu mata musamman. Waƙoƙin niƙa da daɓe da gaɗa da reno suna bakinku, injin niƙa da siminti sun kusa binne su. Haka tatsuniyoyin da yaranmu na rugage ke ji da Fulatanci. Ku ba 'ya'yanku su rubuto mana, mu tara. Ku kuma riƙa zama ku kalli abin da suke kallo tare da su, ko sau ɗaya a mako.

Na biyar, muna roƙon editan wannan mujalla tamu ya ware shafi ɗaya da kowane malami zai rubuto ra'ayinsa kan littafi ko waƙa ko fim. Wanda bai yarda da abin da muka faɗa kan Ganɗoki ba, ga fili ga mai doki.

Kammalawa

Yarinyar da muka ba ku labarinta yanzu uwa ce, ɗanta yana aji uku a wata makaranta ta wannan yanki. Kwanakin baya muka haɗu da ita a wajen wani suna, muka nemi gafararta. Ta yi dariya ta ce, "Malam, ai ya wuce." Muka tambaye ta ko har yanzu tana karatu. Ta ce sai dai a waya, in ta samu sarari. Littafin farko da za mu saka a akwatin makarantar ɗanta, in Allah ya yarda, Magana Jari Ce ne, kuma mun riga mun saya.